Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Haɗarin Gangarar Tsauni a Gasar Tseren Keke

A ranar 15 ga Yunin 2023, ana cikin zango na biyar na gasar tseren keke ta ƙasar Suwizalan, wani ɗan ƙasar mai suna Gino Mäder ya kauce daga titi a gangarar tsaunin Albula, ya faɗa kwazazzabo. Washegari ya rasu a asibitin birnin Chur yana da shekara 26. A watan Yulin 2024 André Drege, ɗan ƙasar Norwe, ya rasu a gangarar Grossglockner da ke Ostiriya. A watan Satumba na shekarar kuma Muriel Furrer, 'yar shekara 18, ta rasu bayan ta faɗi a gasar duniya da aka yi a Zurich. Dukkansu gwanayen keke ne, kuma dukkansu sun faɗi ne a zamanin da hular kwano ta riga ta zama dole.

Waɗannan rashe-rashe sun farfaɗo da wata tsohuwar muhawara. Wasu na ganin gangara tsautsayi ce da ke tattare da sana'ar, wanda ya shiga ya san abin da ya shiga. Wasu kuwa na ganin akwai hannun mutane a ciki. Abin da bayanin da ke tafe zai nuna shi ne, faɗuwa ba za ta taɓa ƙarewa a wannan wasa ba, amma ko faɗuwar za ta tsaya a ƙujewar fata ko za ta zama sanadin ajali, wannan ya danganta ƙwarai da shawarwarin da aka yanke watanni kafin ranar tsere.

Yadda tseren yake

Tseren keke na kan titi ba a filin wasa ake yinsa ba. Titunan da motoci ke bi kullum ake rufewa na 'yan awoyi, mahaya su wuce, sannan a sake buɗewa. Manyan gasanni uku ne suka fi shahara: Tour de France ta Faransa wadda aka fara a 1903, da Giro d'Italia ta Italiya tun 1909, da Vuelta ta Sifaniya tun 1935. Kowacce tana ɗaukar mako uku, zango 21, nisan da ya haura kilomita 3,000. Zango shi ne tafiyar yini guda daga wani gari zuwa wani, galibi kilomita 150 zuwa 200. Ana tara lokacin da kowane mahayi ya ci a dukkan zangunan, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne zakara.

Ƙungiyoyi 22 ko 23 ke shiga, kowacce da mahaya 8, wato kimanin mutum 180 ke nan a titi ɗaya, ban da motoci da baburan alƙalai, likitoci, makanikai da masu ɗaukar hoto. Hukumar Tseren Keke ta Duniya, wadda ake taƙaita sunanta da UCI, ita ke kafa dokoki daga hedikwatarta da ke garin Aigle a Suwizalan. Masu shirya gasa su ke zaɓen hanyar da za a bi. Ƙungiyoyi su ke biyan albashi da samar da kekuna. Mahaya kuma suna da ƙungiyar ƙwadagonsu mai suna CPA. Ya kamata a riƙe wannan rabe-raben a zuciya, domin idan haɗari ya auku, kowane ɓangare yakan sami wanda zai nuna wa yatsa.

Mece ce gangarar tsauni

A zangon tsaunuka, titi yakan hau har wata mashiga tsakanin ƙololuwa biyu, sannan ya gangara ɗaya gefen. Mashigar Galibier a Faransa tana da tsayin mita 2,642 daga saman teku, wato ta ɗara Chappal Waddi na jihar Taraba, tsauni mafi tsayi a Najeriya, mai mita 2,419. Mashigar Stelvio a Italiya tana da lanƙwasa 48 a gefe guda kawai, irin waɗanda titi ke juyowa baya gaba ɗaya. Gangara ɗaya takan kai kilomita 15 zuwa 30. Idan aka ce tsananinta kashi 8 ne cikin ɗari, ana nufin a kowane mita 100 na tafiya titin ya sauka da mita 8.

Wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya ga yadda direbobin manyan motoci ke fama da birki, zai fahimci yanayin, sai dai ya ninka tsawon sau da yawa, ya rage faɗin titin, ya kuma cire ƙarfen motar da ke kewaye da shi. A irin wannan titi mahaya kan yi gudun kilomita 70 zuwa 90 a awa, a inda titin ya miƙe ma sukan haura 100. Abin da ke tsakaninsu da kwalta rigar roba ce mai kaurin takarda, da hular kwano, da taya mai faɗin milimita 28 ko 30. Keken kansa ba ya da nauyi, doka ce ma ta hana ya gaza kilo 6.8.

Me ya sa ba sa sassauta gudu

Tambayar da mai kallo zai fara yi ke nan, amsarta kuwa daƙiƙa ce. A 1989 Greg LeMond ya doke Laurent Fignon a Tour de France da daƙiƙa 8 kacal bayan tafiyar mako uku. Mahayin da ya sha wuya ya sami tazarar rabin minti a hawa zai iya rasa ta duka cikin gangara ɗaya idan yana yawan taɓa birki. Akwai ma waɗanda gangarar ce makaminsu. A 2016 Chris Froome ya fizge a daidai ƙolin Peyresourde, ya gangara shi kaɗai, ya ci zangon da tazarar daƙiƙa 13, ya karɓi rigar jagora mai ruwan ɗorawa. A 2022 Matej Mohorič na Sulobeniya ya lashe tseren Milan zuwa San Remo ne da gangarar tudun Poggio, bayan ya sa wa kekensa sirdin da ake iya sauke shi ƙasa ana cikin tafiya.

Akwai kuma waɗanda kyamara ba ta nunawa. Mahaya masu nauyin jiki, gwanayen shimfiɗaɗɗiyar hanya, ana barinsu a baya wajen hawa. Kowane zango yana da iyakar lokaci, wanda ya iso bayanta an cire shi daga gasar gaba ɗaya. Don haka abin da suka rasa a hawa, a gangara suke ramawa, a ƙarshen ayari inda babu jirgi mai saukar ungulu a samansu. Ga batun iska: wanda ke bayan wani yana samun sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Duk wanda ya bari aka tsere masa a gangara, shi kaɗai zai yi dambe da iska a kwarin da ke gaba. Ga shi kuma yawancinsu kwantiragin shekara ɗaya ko biyu suke riƙe da shi, matashin da aka san shi da tsoron gangara ba kasafai ake sabunta masa ba.

Abin da gudu ke yi wa keke da jiki

Lissafin ba shi da wuya. Gudun kilomita 90 a awa daidai yake da mita 25 a kowace daƙiƙa. Mahayin da ya waiwaya na daƙiƙa ɗaya ya yi tafiyar mita 25 bai ga gabansa ba. Haka ta faru da Wouter Weylandt ɗan Beljiyam a gangarar Passo del Bocco ranar 9 ga Mayun 2011, a zango na uku na Giro d'Italia. Ya waiwaya ne ya duba masu biye da shi, sai gefen kekensa ya taɓa wata gajeriyar katanga. Likitoci sun iso gare shi nan take, amma rai ya yi halinsa. Tun daga lokacin ba a ƙara ba wa kowa lambarsa ta 108 a wannan gasa ba.

Ƙarfin karo ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karon da nisan da birki ke buƙata kafin keke ya tsaya duka sukan ninka sau huɗu. Cin karo da abu tsayayye a gudun kilomita 90 daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 32. Ita kuwa hular kwano ta keke, a ƙa'idar gwajin da ake bi a Turai, ana gwada ta ne da bugun da bai wuce kimanin kilomita 20 a awa ba. Wannan ba ya nufin hular ba ta da amfani. Tana ceton rayuka da yawa, domin akasarin faɗuwa kai yana bugun ƙasa ne daga tsayin keke, jiki kuma ya yi ta sululu har ya tsaya. Amma idan kan ya gamu da dutse ko kankare ana cikin cikakken gudu, aikin ya fi ƙarfinta.

Wurin shan kwana shi ne mahaɗar duk wannan. Riƙon da taya ke yi wa kwalta yana da iyaka, kuma birki da juyawa daga wannan riƙo ɗaya suke ci. Idan mahayi ya damƙe birki alhali keken ya riga ya karkata, sai riƙon ya ƙare, taya ta zame. Saboda haka ƙa'idar gwanaye ita ce a gama rage gudu tun keke yana tsaye sosai, kafin a shiga kwanar. Sukan fara daga gefen waje na titi, su yanko zuwa ciki a tsakiyar lanƙwasar, su sake fita waje, domin su miƙar da ita gwargwadon iko. Ƙafar da ke waje tana danne feda ƙasa, idanu kuma na kallon mafita. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, don keke yana bin inda ido ya kafe. Mahayin da ya firgita ya zura wa ramin ido, sau da yawa can zai nufa.

Wahalar ita ce, wasu lanƙwasoshin ba a ganin ƙarshensu daga mashiginsu. Akwai wadda takan fara a buɗe, sai an shiga ta matse. Wanda ke bin bayan wani kuma layin na gabansa yake bi, idan na gaba ya yi kuskure, mutum biyar ko goma na iya maimaita kuskuren cikin daƙiƙa biyu. A 1960 Roger Rivière na Faransa ya yi ƙoƙarin bin sawun Gastone Nencini, fitaccen gwanin gangara, a mashigar Perjuret. Ya tsallake katangar gefen titi ya karya gadon baya, daga ranar kuma bai sake tsere ba.

Birki ma ya canja. A da roba ce ke damƙe gefen ƙarfen taya, irin na kekunan da aka saba gani a ƙauyukanmu, wanda idan ruwa ya jiƙa shi sai ya ƙi kamawa, idan kuma aka daɗe ana matsa shi sai ya ɗau zafi. Tun daga 2018 aka amince da birki mai faifai irin na babur a dukkan gasanni, kuma yana kamawa ko da ruwa. Sai dai kyansa ya zo da nasa ƙalubalen: tunda mahayi ya amince da birkinsa, sai ya jinkirta matsawa har ya kusa kwanar, ya rage wa kansa damar gyara kuskure. Haka sauran kayan suke. Kekuna da tayoyi da tufafi duk an ƙera su don su tsaga iska, matsakaicin gudun Tour de France da ya kasance kusan kilomita 26 a awa a 1903 ya haura 42 a 2022. Titunan tsaunukan kuwa faɗinsu yana nan kusan yadda yake.

Gajiya, sanyi da halin kwalta

Gangara tana zuwa ne a daidai lokacin da mahayi ya fi galabaita. Ya shafe minti 40 ko awa guda yana hawa da iyakar ƙarfinsa, sukarin jikinsa ya yi ƙasa, ga ƙarancin iskar shaƙa a sama. Ƙwaƙwalwar da ta gaji ba ta auna nisa da sauri. Ita ma iskar sama, da yake ba ta da kauri, ba ta tare keke kamar ta ƙasa. A tsayin mita 2,500 kaurinta ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, don haka gudun ya fi yawa. Zafi kuma yana raguwa da kusan digiri 6 a kowane mita 1,000 na hawa. Mutum ya iso ƙoli sharkaf da gumi, ya shiga iska mai sanyi da gudun kilomita 80, yatsun da zai matsa birki da su sai su sandare. Abin da ya sa ke nan tun da daɗewa 'yan kallo ke miƙa wa mahaya jarida a ƙolin tsauni, su cusa a ƙirji don ta tare iska.

Kwalta ma tana da halinta. Ruwan sama na farko bayan an daɗe ba a yi ba yakan taso da maiƙon motoci. Farin fentin da ake zanawa a titi yana da santsi idan ya jiƙe. Tsakuwar da ta gangaro daga dutse takan taru a daidai inda taya za ta bi. Zafi ma abokin gaba ne: a watan Yulin 2003 Joseba Beloki, wanda ke matsayi na biyu a Tour de France, ya zame a kan kwaltar da rana ta narkar a gangarar da ke kaiwa garin Gap, ya karya cinya da gwiwar hannu da wuyan hannu, bai kuma sake komawa matsayinsa na da ba.

Abin da ke gefen titi

A nan ne zuciyar maganar take. Idan aka jera manyan haɗurran da aka yi, za a ga kuskuren mahayin sau da yawa ƙarami ne, irin wanda kowane gwani ke yi. Abin da ya bambanta sakamakon shi ne abin da ya tarar a gefen titi. Fabio Casartelli, zakaran gasar Olamfik ta 1992, ya rasu ranar 18 ga Yulin 1995 a gangarar Portet d'Aspet bayan kansa ya bugi tubalin kankaren da aka jera don tare motoci. A watan Agustan 2020 Remco Evenepoel ya bugi katangar wata gada a inda titi ya tsuke a tseren Lombardiya, ya faɗa ƙasan gadar ya karya ƙashin ƙugu. Wata guda bayan haka, a gasar duniya a Imola, Chloé Dygert ta Amurka ta afka wa shingen ƙarfe a daidai inda katifar da aka lulluɓa masa ta ƙare, ƙarfen ya yi mata mummunan yanka a ƙafa. A ranar 4 ga Afrilun 2024, a gasar yankin Basque na Sifaniya, Jonas Vingegaard da Evenepoel da Primož Roglič da wasu da dama suka zarce a kwana ɗaya, suka tarar da lambatun kankare da duwatsu. Vingegaard ya karya haƙarƙari da ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji, huhunsa kuma ya samu rauni. Wasu mahayan yankin sun ce saiwoyin itatuwa ne suka kumbura kwaltar wurin.

Duk waɗannan abubuwa, shinge da kankare da lambatu, an gina su ne don motoci da ruwan sama, babu wanda ya tuna da mutum a kan keke. Shingen da zai mayar da mota kan titi shi ne zai yanki mahayi ko ya wurga shi ta sama. Kuma duk suna nan a wurarensu tun kafin a zana taswirar gasar. Mai shirya gasa ba zai iya lulluɓe kilomita 200 da katifa ba, wannan gaskiya ne. Amma wuraren da suka fi haɗari a gangara ɗaya ba su da yawa, kuma tsohon mahayin da aka aika ya bi hanyar zai gane su. A irin waɗannan wurare ana iya ɗaura katifu, a shimfiɗa raga a bakin kwazazzabo, a share tsakuwa da safiyar ranar, a kafa alama mai haske da ƙara, a tsayar da mutum da tuta da usur tun mita ɗari biyu kafin a iso. Bayan rasuwar Mäder an ƙara irin waɗannan matakai a wasu gangarorin Tour de France ta 2023. Abin takaici shi ne manyan gasanni ne ke da kuɗin yin haka, ƙananan gasanni da na matasa da na mata su ne ke da ƙarancin ma'aikata, alhali mahayansu ne suka fi ƙarancin gogewa.

Bayan an faɗi

Rauni a kai ba ya jira. A gangara ayari yakan tarwatse, tsakanin na farko da na ƙarshe a sami tazarar rabin awa, kuma mutum na iya ɓacewa a cikin daji ko rami ba wanda ya gani. Muriel Furrer ta faɗi ne ana ruwa, a wata gangara da ta ratsa kurmi, ta kwanta fiye da awa guda kafin a gano ta, alhali tseren na ta wucewa kusa da ita. A gasar duniya ba a yarda mahaya su sa rediyon da suke magana da motar ƙungiya ba, kuma babu wanda ke sa ido kan inda kowace mahayiya take.

Wannan ne ya tilasta batun na'urar GPS, wato ƙaramar na'urar da ke nuna inda mutum yake ta hanyar tauraron ɗan adam. Ana maƙala ta a ƙarƙashin sirdi, idan keke ya tsaya cak ko ya bar hanya sai ta sanar da cibiyar sa ido. Gasar Suwizalan ta yi amfani da ita a 2025. A watan Agustan shekarar, da UCI ta so gwada tata a gasar mata ta Romandie, saɓani ya tashi tsakaninta da ƙungiyoyi kan yadda za a yi gwajin da kuma wanda zai mallaki bayanan, har aka kori ƙungiyoyi biyar daga gasar. Na'urar da za ta iya ceton rai ta zama abin jayayya kan iko da kuɗi, kuma wannan bai yi wa kowane ɓangare kyau ba.

Dokokin da aka kafa

Kusan kowace doka ta tsaro a wannan wasa tana da wanda ya jikkata ko ya rasu kafin a kafa ta. A 1991 an so tilasta hular kwano, mahaya da kansu suka yi bore a gasar Paris zuwa Nice, aka janye. Sai da Andrei Kivilev na Kazakistan ya rasu a wannan gasa a watan Maris na 2003 sannan dokar ta tabbata a watan Mayu. A 2016 aka fara aiki da ƙa'idar mummunan yanayi, wadda ta ba wakilan mahaya da ƙungiyoyi da masu shirya gasa damar zama da alƙalai su gajarta zango ko su soke shi. A 2019 an tsayar da wani zangon Tour de France ana cikin gangarar Iseran, saboda ƙanƙara da zaftarewar ƙasa sun toshe hanya a gaba. Daga 1 ga Afrilun 2021 aka hana zama a kan sandar keke, irin zaman da Froome ya yi a gangarar Peyresourde. A 2023 aka kafa wani kwamitin haɗin gwiwa mai suna SafeR don nazarin haɗurra, daga Janairun 2025 kuma aka fara hukunta mahaya da katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa: kati biyu a gasa ɗaya kora ce da dakatarwar kwana 7.

An kuma yi yunƙurin rage gudun ta hanyar kayan aiki. UCI ta shirya gwada taƙaita giya a wata gasa a ƙasar Sin a watan Oktoban 2025, yadda juyin feda ɗaya ba zai wuce mita 10.46 ba, amma kamfanin SRAM mai ƙera kayan keke ya kai ƙara, hukumar kula da gasar kasuwanci ta Beljiyam ta dakatar da gwajin. Ko da an yi shi, amfaninsa a gangara mai tsanani kaɗan ne, domin idan gudu ya kai kilomita 90 mahayi ya riga ya daina juya feda, nauyinsa ne ke jansa.

Ina za a kafa layin ƙarshe

Wannan ita ce muhawarar da ba ta ƙare ba. Zangon da Mäder ya faɗi a cikinsa ya ƙare ne a garin La Punt, kimanin kilomita 10 a ƙasan ƙolin Albula. A ranar Evenepoel ya fito fili ya ce da an ƙare zangon a kan tsauni da ya fi. Masu wannan ra'ayi na cewa idan layin ƙarshe yana gindin gangara, to an mayar da kasada ita ce hanyar cin nasara. Masu ɗaya ra'ayin kuma, cikinsu har da mahaya da yawa, na cewa gangara fasaha ce kamar hawa, idan aka cire ta an rage wasan, kuma duk tsaunin da aka hau dole a sauko shi. Sukan ƙara da cewa Mäder kansa ba ya cikin masu neman cin zangon a lokacin da ya faɗi. Akwai kuma batun kuɗi, don garuruwa biya suke yi a kawo musu ƙarshen zango, garuruwan kuwa a kwari suke.

Duka ɓangarorin suna da hujja, amma akwai iyakar da aka riga aka gane. A 2017 masu shirya Giro d'Italia sun sanar da kyauta ga wanda ya fi kowa gudu a gangara, kwanaki kaɗan bayan rasuwar matashi Chad Young a wata gangara a Amurka. Mahaya suka yi ca, aka soke kyautar kafin a fara gasar. Barin gangara a cikin tsere daidai ne. Zaɓen wadda take da tsukakken titi da kwazazzabo, a kuma ɗora ta daf da layin ƙarshe don a ja hankalin masu kallon talabijin, wannan zaɓi ne na mutane, kuma su ke da alhakinsa.

Abin da ya shafe mu

Wasan yana matsowa kusa. Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku da koriyar rigar wanda ya fi tara maki a Tour de France ta 2024. A shekarar ce Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren keke na Olamfik a Paris. Burkina Faso na gudanar da Tour du Faso tun 1987. A watan Satumban 2025 aka yi gasar duniya a Kigali ta Ruwanda, karo na farko a Afirka, a kan tuddai masu hawa da gangara, kuma a can ne UCI ta sa wa dukkan mahaya na'urar GPS.

Ƙasar Hausa ba ta da Galibier, amma duwatsun da suka kewaye Kazaure suka miƙa wajen Roni suna da gangarar da za ta ishi keke ya yi gudun da birkinsa ba zai iya riƙewa ba, musamman idan an ɗora masa buhu ko goyo. Abubuwan da ke gefen titunanmu ma ba su fi na Turai sauƙi ba: kwalbati, buɗaɗɗen lambatu, yashin da ruwan damina ke zubowa kan kwalta, tudun rage gudu marar fenti, da tumakin da ke tsallaka hanya ba sallama. Hanyar Kano zuwa Daura da ta ratsa Kazaure kuma ba ta rabuwa da motoci. Don haka duk makaranta ko ƙungiyar matasa ko ƙaramar hukumar da ta yi niyyar shirya tseren keke, a Kazaure ne ko Roni ko Gwiwa ko Babura, ta fara aika mutum ya bi hanyar a kan keke ya rubuta wuraren haɗari, ta nemi Hukumar Kiyaye Haɗurra da 'yan sanda su rufe titin, ta kuma sa motar asibiti ta biyo bayan mahayi na ƙarshe tana ƙirga mutane. A duba birkin kowane keke kafin a tashi, a kafa layin ƙarshe a shimfiɗaɗɗen wuri ko a kan tudu, kada kuma a bar yaro ko ɗaya ya hau layi ba hular kwano a kansa.